Janareta ko wutar NEPA: nawa yunit ɗaya ke zame maka a Sakkwato?

Idan kana da gidan ƙanƙara, ko injin casar shinkafa, ko masana'antar piyawata, ko ɗan asibitin kuɗi a cikin garin Sakkwato, na san ka taɓa jin wani ya ce gara ya yanke layin NEPA ya koma kan janaretansa gaba ɗaya ya huta. Wataƙila ma daga bakinka maganar ta fito, ranar da aka kawo maka takardar kuɗin wuta. Maganar ta yi ƙarfi ne tun ranar 3 ga Afrilu 2024, lokacin da hukumar NERC mai tsara farashin wuta ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A daga naira sittin da 'yan kai zuwa naira 225. A watan Mayu aka rage shi zuwa 206.80, a Yuli ya koma 209.50. Wanda aka ninka wa kuɗi sau uku a dare ɗaya, ai dole ransa ya ɓaci. Amma kafin ka kira mai gyaran wuta ya cire maka waya, zo mu zauna mu yi lissafi.

Abin da ke rikita wannan kwatance shi ne ba da mudu ɗaya ake auna abubuwan biyu ba. Kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, da yunit yake sayar maka. Gidan mai kuwa da lita yake sayar maka. Kuɗin NEPA a dunƙule yake zuwa ƙarshen wata, ka gan shi ka riƙe baki. Kuɗin dizal kuwa, wanda mu nan muka fi sani da gas, kullum ake cirar sa kaɗan-kaɗan daga aljihun tebur, jarka biyu yau, duro ɗaya jibi, ba ya taɓa tsayawa gabanka a lamba guda. To aikinmu na farko shi ne mu mayar da lita ta koma yunit.

Lita ɗaya, yunit nawa?

Yunit ɗaya shi ne wutar da na'ura mai jan kilowat ɗaya za ta sha cikin awa ɗaya. Dutsen guga na wuta, ka bar shi a kunne awa guda, kusan yunit ɗaya kenan. A cikin litar dizal ɗaya akwai ƙarfin da ya kai kimanin yunit 10, idan da za a iya tatse shi duka. Ba a iyawa. Injin dizal ƙona man yake yi, zafin ya tura fistin, fistin ya juya ƙarfen da ke haɗe da kan da ke haifar da wuta. A wannan tafiya kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin yana gudu ta salansa da lagireto da jikin injin. Zafin nan da ke dukan fuskarka idan ka shiga ɗakin janareta, kuɗinka ne ke fita. Abin da ke isowa wayarka bai wuce yunit 3 zuwa 3.5 a kowace lita ba, shi ma sai injin na da lafiya kuma an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. Wannan ba laifin makanike ba ne, kuma ba wai injin na jabu ba ne. Iyakar da dokokin zafi suka gindaya wa duk injin da ke ƙona mai ce, daga babur har jirgin ruwa.

Mu ɗauki janareta mai 100 kVA, irin wanda ake yawan gani a bayan otal-otal da bankuna da ƙananan masana'antu. Ka lura, wannan 100 da aka rubuta a jikinsa ba kilowat 100 ba ne. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce ka ɗauki kashi 80 cikin ɗari, wato iyakar ƙarfinsa na aiki kilowat 80 ne. Idan ka ɗora masa kashi uku cikin huɗu na wannan, kilowat 60 kenan, takardun masu ƙera irin waɗannan injuna suna nuna zai sha wajen lita 17 a awa.

Yanzu sai farashin mai. An daɗe da gwamnati ta cire hannunta daga farashin dizal, shekaru da yawa kafin a cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, saboda haka yana hawa yana sauka tare da dala da kasuwar duniya. Mu kuma a nan akwai ƙarin kuɗin hanya, don tankar da ta ɗauko mai daga Legas sai ta ci kusan kilomita dubu kafin ta sauke mana. Zan ɗauki naira 1,200 a lita don misali. Kai ka sa farashin da ka saya da shi jiya, hanyar lissafin ba ta canzawa.

Lita 17 sau 1,200, naira 20,400 a awa. Raba wa yunit 60 da ya samar a wannan awar, kowane yunit ya tashi naira 340. Man kaɗai kenan.

Ba mai kaɗai inji ke ci ba. Duk bayan awa 250 zuwa 500 na aiki ana juye baƙin mai, a canza filtar mai da ta dizal, a duba ta iska. A Sakkwato ka riƙe 250 ɗin, ƙurar hunturu ba ta barin filta ta daɗe. A ce kowane sabis ya ci naira 150,000, to kowace awa ta ɗauki 600. Shi kansa injin tsufa yake yi: in ka saye shi miliyan 20, kuma ka yi sa'a ya yi maka awa 20,000 kafin a sauke shi gaba ɗaya ko a sayi wani, kowace awa tana cinye naira 1,000 daga jikinsa. Sa wa yaron da ke kula da shi naira 350 a awa. Waɗannan lambobi uku nawa ne na misali, kai ka fi ni sanin naka. Jimla dai naira 1,950 a kan kuɗin mai, awa ɗaya ta zama 22,350, yunit ɗaya kuma ya zama kimanin naira 372.

Ɗaya ɓangaren fa? Band A naira 209.50, ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5, ya zama wajen naira 225. Ga su nan gefe da gefe: 372 da 225. Masana'antar da ke jan kilowat 60, awa takwas a rana, kwana 26 a wata, tana shan yunit 12,480. A janareta, kusan naira miliyan 4.65. A layin Band A, miliyan 2.8. Bambancin ya haura miliyan 1.8 duk wata, albashin ma'aikata da yawa kenan. In ka juya lissafin ka tambaya, sai dizal ya sauko nawa kafin wannan janareta ya yi kunnen doki da Band A, amsar ita ce wajen naira 680 a lita.

Me ya sa tazarar ta yi yawa haka, alhali wutar layi sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, wani kaso ya zube a hanya, wasu su sha ba su biya ba? Sirrin yana wurin abin da ake ƙonawa. Madatsar Kainji, wadda babban layinta ke zuwa Birnin Kebbi kafin a sauko da wutar zuwa Sakkwato, ba ta sayen mai ko kaɗan, ruwan Kwara ke juya mata injuna tun 1968. Yawancin sauran tashoshin ƙasar nan kuma iskar gas suke ƙonawa, wadda gwamnati ke ƙayyade musu farashinta. A 2024 dala 2.42 ne kan ma'aunin da ke ɗauke da zafin da ya kai yunit 293. In dala tana naira 1,500, zafin yunit ɗaya daga iskar gas bai wuce naira 12 da ɗoriya ba. Zafin yunit ɗaya daga dizal ɗinka kuwa naira 120 ne. Ninki goma tun daga tushe. Babu wani ƙwararren makanike da zai cike maka wannan rami.

Girman inji ma ba ya ceto. Gwamnatin jihar Sakkwato ta fara aikin tashar wuta mai megawat 38 tun 2008, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, kuma an yi shekara da shekaru ba ta zama abin dogaron garin ba. Ni abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne ƙishirwar irin wannan tasha idan da dizal za a ciyar da ita. Megawat 38 na awa 24 yunit 912,000 ne. A ce kowane yunit ya sha kashi uku cikin goma na lita, ana maganar lita dubu 270 da wani abu, wato tanka takwas masu lita 33,000 kowace rana ta Allah. Babbar tasha mai shan dizal, babban janareta ce kawai.

Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba

Wancan 372 da muka samu, ka sani lambar inji mai sa'a ce, wanda ake ba kaya daidai wuyansa. Yawancin manyan janaretocin da ke garin nan ba haka suke aiki ba. An saye su da girma ne saboda tsoro: kada wata rana a ƙara injuna, kada mota mai nauyi ta tashi ta durƙusar da shi, ko kuma dai don mai gida ya ga na maƙwabcinsa. Sai ka tarar da inji mai kilowat 80 yana ɗauke da 20.

Matsalar ita ce inji yana da abincin da yake ci don kansa kawai. Ko babu ƙwan fitila ɗaya a kansa, dole ya riƙa juyawa sau 1,500 a minti don wutar ta fito daidai bugun da na'urorinmu ke so, dole ya juya fanka da famfon ruwa, dole ya yi kokawa da gogayyar ƙarafansa. Kamar ka ɗauko tirela ka aike ta kai buhu biyar ne, man da za ta sha don ɗaukar kanta yana nan. Saboda haka idan kaya suka ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, shan mai ba ya raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A kilowat 20, wannan inji zai sha wajen lita 7 a awa. Naira 8,400 kenan, ka ƙara 1,950 ɗin nan da ba ta san ragi ba, ka raba wa yunit 20. Yunit ya koma kusan naira 520.

Sauko da shi ƙasa kuma. Otal ne, ƙarfe biyun dare a watan Disamba, ba mai kunna na'urar sanyi, daga fitilu sai firji biyu sai famfon ruwa, duka-duka kilowat 8. Injin zai sha lita huɗu da rabi ko kusa da haka. Yunit ɗaya ya haura naira 900, ninki huɗu na Band A da ake kuka da shi. Ƙaramin janareta mai 15 kVA zai ɗauki wannan kaya da wajen lita uku. Lita ɗaya da rabi a awa kamar ba komai ba, amma awa takwas kowane dare na wata guda lita 360 ce, naira 432,000.

Ba a aljihu kaɗai abin ke tsayawa ba. Injin dizal da ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai. Ragowar man da baƙin toka su taru a nozul da bawul, har ka ga wani baƙin ruwa mai danƙo yana tsiyaya daga bakin salansa. Masu gida da yawa suna ɗauka lallaɓa inji suke yi idan suka rage masa kaya. Kashe shi suke yi a hankali.

Sai zafin garinmu. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji an auna shi ne a iska mai maki 25. A Afrilu da Mayu a Sakkwato maki 43 ba labari ba ne, ballantana a cikin ɗakin kwano da aka toshe ko'ina don ƙara ko don ɓarayi. Iska in ta yi zafi faɗaɗa take yi, daga 25 zuwa 43 nauyinta yana raguwa da kusan kashi 6 cikin ɗari, injin ya shaƙi iska kaɗan, lagireto kuma ya sha wuya wajen fitar da zafi. Kuma a daidai wannan lokaci ne kowace na'urar sanyi da kowane firji ke ja iya ƙarfinsu. Buɗe wa ɗakin inji hanyar iska yana cikin gyare-gyare mafi arha da za ka yi.

Amma ai wutar ba ta zama

Wannan ita ce amsar da kowa zai ba ni, kuma gaskiya ce. Ba wanda ke da zaɓi tsakanin NEPA zalla da janareta zalla. A watan Satumba 2023 gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, Sakkwato da Kebbi da Zamfara suka shiga duhu tare. Mai ƙanƙara ko mai ɗakin tiyata ba zai jira a gyara taransifoma ba. Janareta dole ne. Abin tambaya shi ne awa nawa zai yi aiki, kuma nawa gaurayen biyun zai zame maka.

Tsarin rukuni-rukuni ya yi alkawarin awoyi: Band A aƙalla 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. Ƙarin kuɗin 2024 Band A kaɗai ya shafa, sauran an bar su a tsohon farashi mai tallafi. Mu sa musu naira 70 a yunit don sauƙin lissafi, kai ka duba rasit ɗinka. Ɗauki wurin da ke buƙatar wuta dare da rana, kamar ɗakin sanyin ajiye kifi da kaji, kuma janaretansa na ba shi yunit a 372.

A Band A, awa 20 a 225 da awa 4 a 372, matsakaicin yunit naira 250. A Band B, awa 16 a 70 da awa 8 a 372, kimanin 171. A Band C, rabi da rabi, 221. A Band D ya tashi zuwa 271, a E kuma 322.

Dubi abin mamaki. A takarda, ɗan Band C ya fi ɗan Band A sauƙi, ɗan Band B kuwa shi ne ɗan gata. Wato ƙorafin 'yan Band A ba hayaniya ba ce kawai, akwai lissafi a bayansa, ko da yake tallafi ne ke riƙe da wannan rata, kuma tallafi abu ne da gwamnati kan waiwaya ta cire. Amma canza lamba ɗaya ka gani. In janaretan nan babba ne da ƙaramin kaya, mai yunit a 520, Band A ya zama 274, Band C ya zama 295. Sun yi musayar wuri. Ka ga kenan amsar ba ta hannun NERC kaɗai, rabinta tana bayan shagonka, ƙarƙashin rumfar kwano.

Mafi muni duka shi ne a rubuta ka Band A, a caje ka 225, a ba ka awa 12. Matsakaicinka ya kusa naira 300, ka fi ɗan Band D shan wuya. A nan ne ya kamata a kai ƙara, kuma akwai madogara: umarnin NERC na Afrilu 2024 ya ce layin Band A da ya kasa cika awoyinsa kwana bakwai a jere, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu. Sai dai ƙara ba ta tafiya da "wallahi ba mu samun wuta". Littafi take so, mai kwanan wata da lokacin ɗaukewa da lokacin dawowa. Ka fara kai wa ofishin kamfanin a rubuce, in ba a yi komai ba ka wuce zauren sauraron koke na NERC.

Akwai abin da wannan matsakaici ba ya nunawa. Awa 12 da ke zuwa daga sha biyun dare ba ta da amfani ga mai walda ko mai injin niƙa da ke buɗewa takwas na safe, shi lissafinsa awoyin aikinsa kawai zai duba. Wutar da ta zo da rauni, ko aka ɗauke layi ɗaya cikin uku, tana iya ƙona mota mai tsada, kuɗin naɗinta kuma a kan NEPA ya kamata ka rubuta shi. Wasu kuma suna barin janareta a kunne ko da akwai wuta, saboda ɗaukewar minti biyar tana ɓata musu kayan da ke cikin inji. Wannan hujja ce mai kyau, amma ka san kuɗin kwanciyar hankali kake biya, naira 147 a kan kowane yunit a misalinmu, sai ka auna ko asarar da kake gudu ta kai haka. Manyan masana'antu irin kamfanin siminti na Kalambaina da suka gina tashar wutarsu, lissafinsu daban ne: tsayuwar tanderun siminti asara ce babba, kuma suna sayen makamashi da yawa a farashin da mai jarka ba zai samu ba.

Hasken rana kuwa magana ce mai zaman kanta, kuma a garin da ke da Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo bai kamata a tsallake ta ba. A taƙaice, faranti mai kilowat ɗaya a nan yana iya ba ka yunit huɗu zuwa biyar a rana in ana share masa ƙura. Kowane yunit da ya karɓe daga hannun dizal ya fi wanda ya karɓe daga hannun NEPA daraja, saboda haka awoyin janareta na rana su ne farkon abin da za ka nufa da shi.

Duk lambobin nan na inji daga takardar masu ƙerawa suke, naka injin kuma ya sha ƙura da zafi da hannun makanikai. Auna shi. Ranar Asabar da safe ka cika tanki fal, ka rubuta awoyin da agogon injin ke nunawa, ka rubuta yunit ɗin da allonsa ya ƙirga. Yawancin allunan zamani suna nuna wannan in ka latsa ka bi shafukansu, in naka ba ya yi, mitar layi uku ba ta kai kuɗin dizal ɗin kwana biyu ba, a ɗaura maka. Duk man da aka ƙara cikin mako a rubuta. Asabar mai zuwa ka sake cikawa fal, ka haɗa litocin, ka raba yunit da lita. In ka samu uku ko fiye, injinka lafiya lau. In ka samu biyu da rabi, raba yunit ɗin da awoyi ka ga matsakaicin kayan da yake ɗauka, mai yiwuwa ya yi maka girma. In kuwa ka samu ƙasa da biyu alhali kayan sun kai rabin ƙarfinsa, a duba filtar iska da nozul da ingancin man da ake kawo maka, sannan ka tambayi kanka wa ke riƙe da makullin tanki da daddare.